Inistioge ba wurin tsayawar minti ashirin ba ne

Jama'a, akwai kuskure ɗaya da masu zaga ƙasar Ayalan da mota suke yawan yi, kuma yana damuna. Mutum zai tsara kwana biyar ya cusa garuruwa goma a ciki, in ya iso Inistioge ya tsaya a bakin gada ya ɗauki hoto biyu ya koma mota. Wanda ya yi haka gada kawai ya gani. Ƙauyen nan rabin yini yake so, in da hali ma a kwana.

Ƙauyen yana gundumar Kilkenny, a bakin kogin Nore, kuma mutanen wurin Inishtig suke cewa, don haka kada rubutun allon hanya ya rikita ka. Daga Dublin tafiyar ba ta kai awa biyu ba ta babbar hanyar M9. Daga garin Kilkenny kuwa kamar kilomita 25 ne ta hanyar R700, wadda ta ratsa Bennettsbridge da Thomastown tana bin kwarin kogin. Ka cika tanki tun daga Kilkenny ko Thomastown. Ka lura da kan famfo: kore fetur ne, baƙi dizal. Motocin haya da yawa dizal suke sha, kuma inshora ba kasafai take biyan ɓarnar zuba man da ba shi ba.

Wanda ya saba tuƙi a Kano ko Maraɗi, hannun dama ya sani. A Ayalan hagu ake bi. Abin mamaki, ba a babban titi hatsarin yake ba, domin motocin gabanka suna tuna maka. Hatsarin yana lokacin da ka fito daga wurin ajiye mota a ƙauye, titi wayam, sai hannu ya koma abin da ya saba. Na biyu kuma, sabon direba yakan matse gefen hagu don tsoron mota mai zuwa, alhali shingen ganyen nan mai laushi a ido sau da yawa katangar dutse ce a cikinsa. Nan ake fasa madubi, a yage taya. Kafin ka karɓi mota ka tambaya ko inshorar ta haɗa da taya da gilashi, ka ɗauki hoton kowane gefe nata. Ka ɗauki ƙaramar mota. Allo zai iya cewa kilomita 80 a awa, amma wannan iyaka ce, ba wanda ya ce dole ka kai ta. Bayan lanƙwasar hanya za ka iya cin karo da tarakta ko garken shanu. In kuma ka bi ta babbar hanyar M50 daga filin jirgin Dublin, ba shingen biyan kuɗi a wurin, kamara ce ke ɗaukar lamba, kuma ana biya kafin ƙarfe 8 na daren washegari. Ka tambayi kamfanin hayar ko su suke biya.

To, ga abin da mai gaggawa yake rasawa. Gadar dutsen mai baka goma an gina ta a ƙarni na 18, bayan ambaliyar 1763 da ta kwashe gadojin Nore. Daga sama ba ka ganin komai nata. Sai ka sauka kan ciyawar bakin ruwa, ka dubi gefe ɗaya, ka zagaya ka dubi ɗayan. Ba iri ɗaya ba ne. Gefe guda ginshiƙai ne masu tsini da ke tsaga ruwa, ɗayan kuma an yi masa ado da siraran ginshiƙai irin na Girkawa, kamar fuskar gidan mai sarauta. Sannan ruwan teku yana turo kogin har zuwa nan, duk da nisan da ke tsakani. Wanda ya zauna awa uku zai ga ruwan ya cika ya ja da baya, taɓo ya bayyana, zalɓe ya sauko yana tsaye da ƙafa ɗaya yana jiran kifi. A minti ashirin ba a ganin wannan.

Dandalin tsakiyar ƙauyen ƙarami ne, itatuwa sun kewaye shi, gidaje masu fenti suna fuskantarsa. A gefensa akwai ragowar gidan ibadar sufayen Kirista na farkon ƙarni na 13, wanda aka rufe a zamanin Sarki Henry na takwas na Ingila. Hasumiyarsa na nan, an haɗa wani sashe da cocin da ake amfani da shi yau. Maƙabarta ce kewaye da shi, a shiga da natsuwa.

Inda lokaci ke tafiya shi ne Woodstock, wani tsohon babban gida da lambunsa a kan tudun da ke bayan ƙauyen. Hawan yana da tsayi sosai. Mai tsoho ko ƙananan yara ya hau da mota, akwai wurin ajiyewa na kuɗi a sama. An gina gidan a shekarun 1740, dakarun Birtaniya sun zauna a ciki lokacin yaƙin neman 'yanci, aka ƙone shi a 1922. Kango ne yanzu, an killace shi. Lambun ne ya rayu, wanda iyalin Tighe suka raya a ƙarni na 19. Akwai doguwar hanya da aka jera wata itaciyar ƙasar Chile gefe da gefe, ganyenta kamar ɓawon kifi, mai kaifi, rassan sun miƙe kamar wutsiyoyi. Ka ba wurin awa biyu, ka sa takalmi mai hana ruwa. In an yi gargaɗin iska mai ƙarfi kada ka hau, tsoffin itatuwa ne, kuma akan rufe lambun.

Maganar lokaci tana da muhimmanci ga mai salla. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa da ƙarfe 4 da 'yan mintuna duhu ya fara. Ka duba jadawalin ranar, ka riƙe darduma a mota. Masallaci sai manyan garuruwa. Karin kumallon gidajen baƙi naman alade ne ya fi yawa a ciki, har da wani baƙin tsiran da ake yi da jini. Tun daren ka gaya wa mai gida ƙwai da kifi da burodi kake so, ba ta jin nauyin hakan. In za ka ci soyayyen kifi, ka tambaya ko an kwaɓa fulawar da giya. Ɗakunan girki na ƙauye suna rufewa da wuri, musamman da hunturu, don haka ka ci kafin ƙarfe 8.

A ganina a iso da la'asar, a kwana, a hau Woodstock da sassafe kafin motoci su taru, sannan a biya ta kangon gidan ibadar sufaye na Jerpoint kusa da Thomastown a hanyar komawa.