Turawa na kallon Phil, mu muna tambayar ina mijin Rose ya shiga

A ƙarshen 2021 Netflix ta saki fim ɗin The Power of the Dog, wanda Jane Campion 'yar ƙasar Niyu Zilan ta ba da umarni. Labarin wa da ƙani ne, Phil da George Burbank, masu makekiyar gonar kiwon shanu a jihar Montana ta Amurka a 1925. George ya auri wata bazawara mai suna Rose mai ɗa saurayi, ya kawo ta gidansu na gado, shi kuwa Phil ya sha alwashin ba za ta sha ruwa da daɗi a gidan ba. Masu sharhin fina-finai sun yaba iyakar yabo, har fim ɗin ya shiga takarar Oscar, babbar lambar yabo ta fina-finai a Amurka, a rukuni 12, amma ɗaya tak ya ci a 2022, ta mai ba da umarni. 'Yan kallo kuwa sai suka rabu.

A nan Ingila inda nake zaune, waɗanda nake aiki da su sun kasu biyu. Wasu sun ce fim ɗin tafiyar hawainiya yake yi, babu abin da ya faru har barci ya kwashe su. Sauran kuma bakinsu bai sauka daga kan Phil ba: me ya sa ba ya wanka alhali ya yi karatu a babbar jami'ar Yale, me ya sa yake dandaƙe bijimai da hannu ba safar hannu, me yake ɓoyewa game da maigidansa marigayi Bronco Henry. Fim ɗin ya nuna a kaikaice cewa sha'awar maza ce yake dannewa a zuciyarsa, kuma a kan wannan aka yi ta ce-ce-ku-ce a Amurka. Tsohon jarumin fina-finan kaboyi Sam Elliott ya caccaki fim ɗin a wata hira, yana tambayar me mace daga Niyu Zilan ta sani game da yammacin Amurka, daga baya ya fito ya ba da haƙuri. Duk wannan muhawara a kan mazantakar mutum ɗaya ce.

Mu kuwa da muka kalle shi a falon wata 'yar'uwa Bakatsiniya, wani fim ɗin daban muka gani. Kun san kallonmu, ba a yin shiru, kowa sai ta sa baki. Rose na shiga gidan, wata dattijuwa a cikinmu ta dafa ni ta ce, "Ke 'yar nan, ai wannan zaman gandu ne. Bazawara da agola a hannun wan miji, Allah ya kawo mata ɗauki." Na ce, "Anti, ai mijin na sonta." Ta ce, "To ina yake?"

Ina ganin tambayarta ta fi duk sharhin da na karanta kama gaskiyar fim ɗin. George mutumin kirki ne, akwai inda suka tsaya a hanya Rose na koya masa rawa, hawaye ya zubo masa don murnar ya daina zama shi kaɗai. Amma mutumin nan mai dukiya ne, yana da halin gina mata gidanta ko da ɗaki biyu ne, sai ya ajiye ta a gida ɗaya da wanda ya san ya tsane ta, ya ɗauki hularsa ya tafi harkokinsa. Ya sayo mata fiyano don ta burge gwamna idan ya zo cin abinci, bai lura da cewa tsoro ya gama cinye ta ba. Ku dubi wurin nan da take koyon wani kiɗa a ƙasa tana tuntuɓe, Phil yana sama yana bin ta da garayarsa ta Turawa, ta tsaya ya tsaya, ta ci gaba ya ci gaba, daga ƙarshe ya kaɗa shi tsaf don ta san ba ta iya ba. Bai zage ta ba a lokacin, bai ɗaga mata hannu ba. Daga baya fito kawai zai yi da wannan kiɗa, jikinta ya ɗau rawa. Haka ta faɗa shan giya tana ɓoye kwalabe. Wanda ya ce babu abin da ya faru a fim ɗin nan bai taɓa zama da dangin miji masu ƙinsa ba, kuma bai taɓa zuwa gaishe da yayarsa ya tarar ta rame alhali babu abin da za ta iya nunawa ta ce ga shi an yi mata ba.

Ƙarshen fim ɗin ma mun riga Turawan gane shi. Da yawa a nan sai da suka nemi bayani a intanet kafin su san me ya kashe Phil. Mu da muka tashi kusa da makiyaya mun san ba a wasa da mushe. Ana nuna Peter, ɗan Rose mai karatun likita, ya sa safar hannu yana yanko fatar saniyar da ta mutu a daji, Anti ta ce akwai magana. Ya ba Phil fatar ya ƙarasa tufka igiya da ita, ga rauni a hannun Phil, ya tsoma shi a ruwan da aka jiƙa fatar. Cutar antaraks ce, mai kama mutum daga dabbobi, irin wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gona kusa da Suleja a Yulin 2023, shekarar da hukumomi suka yi ta gargaɗi a kan cin ganda.

Inda na raba gari da 'yan'uwana shi ne abin da ya biyo baya. Falon ya kaure da "ɗan albarka", "haihuwa mai rana". Ban iya sa baki ba. Yaron nan ya ja mutum a jiki, ya bari ya amince da shi, sannan ya kashe shi cikin natsuwa ya tura igiyar ƙarƙashin gado. Rai ne aka ɗauka, kuma duk muguntar Phil ba ta halatta jininsa ba. Abin da ya kamata ya tayar mana da hankali shi ne yadda manya suka bar yaro da wannan nauyi. Iyayen su Phil sun ƙaura sun bar gonar, sai dai su zo baƙunta. Rose ba ta da gidan da za ta yi yaji, balle a zo biko a zauna a yi magana.

A gida muna da wannan, kuma ina alfahari da shi. Da a Kano aka shirya labarin, da an kai ƙara wurin kawu ko liman, a tara mutane, mai laifi ya ji kunya. Sai dai ni na san abin da ake yawan faɗa wa mace idan ta kai irin wannan ƙara: me ya yi miki, ya doke ki ne? Ki yi haƙuri, ɗan'uwan mijinki ne. Ta koma, mijin kuma babu wanda ya ce masa ya raba mata gida, alhali malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa matsuguni na kanta haƙƙinta ne a kansa. Irin su George suna da yawa a unguwanninmu, kuma har yau mutanen kirki muke kiransu.