Zagayen ɗanɗanon piza, da abin da Maradi za ta iya ɗauka a cikinsa

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Duk sanda bidiyon masu yawon cin piza a New York ya faɗo wayar wani a fada, hukunci ɗaya ake yankewa: wai mutum da hankalinsa ya biya kuɗi don a zagaya da shi yana gutsurar burodi da tumatir, ai wannan almubazzaranci ne. Ni ban yarda da hukuncin nan ba. Wanda ya je neman ƙoshi lalle ya yi asara, don yanka 3 ko 4 zai ci cikin kusan awa 3. Amma kuɗin na wani abu ne daban: mutum ya ci abu iri ɗaya daga wuta 3 mabambanta, a jere, tun harshensa bai manta na baya ba, ga kuma masani a gefensa yana gaya masa daga ina bambancin ya fito. Sai an gwada akan san na ƙwarai, gwaji kuwa ba ya yiwuwa idan an ci ɗaya yau, ɗayan sai bayan wata guda.

A New York, wanda ya fi suna a sana'ar shi ne Scott Wiener, wanda ya fara zagayawa da mutane a 2008. Akwai zagayen ƙafa, akwai na babbar mota ranar Lahadi. Garin ya dace da aikin ne saboda tsofaffin gidajen suna nan suna gashi. Lombardi's, wanda ake ɗauka shi ne gidan piza na farko a Amurka, tun 1905 ake lissafa shi; Totonno's 1924; John's na titin Bleecker 1929; Patsy's na Harlem 1933. Dukansu da kwal suke gashi, kwal ɗin ƙasa, ba gawayin icce ba. Wutar kwal busasshiya ce mai tsanani, tana bar wa gindin piza baƙin tabo, tana busar da bakinta har ya riƙa ƙaras-ƙaras. Ka fito daga nan ka shiga shagon bakin titi mai tanderun gas, zafinsa wajen digiri 300, faifan piza mai faɗin santimita 45 an yanka shi gida 8, ana ɗumama yanka ɗaya a miƙo maka. Fulawa ce, tumatir ne, cuku ne a duka biyun, amma bakinka zai gaya maka ba abinci ɗaya ba ne.

A Napoli ta Italiya, mahaifar abin, har ƙa'ida aka rubuta. Ƙungiyar masu kare pizar Napoli ta asali, wadda aka kafa a 1984, ta tsayar da ma'auni: lita 1 ta ruwa, gishiri giram 40 zuwa 60, fulawa kilo 1 da giram 600 zuwa 800, yis ɗan ƙanƙane. Kwaɓin ya kwanta aƙalla awa 8, kowane curi giram 200 zuwa 280, a buɗe shi da hannu ba da muciya ko kwalba ba, faɗinsa kada ya wuce santimita 35. Tanderu na icce, zafi wajen digiri 485, gashi daƙiƙa 60 zuwa 90. A 2017 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin al'adun duniya da ake adanawa. A nan ne jagora yake da amfani ƙwarai, domin Bamaraɗe da ya saba da burodin da ke ƙara idan an karya shi, in aka ba shi pizar Napoli zai ce ba ta gasu ba: tana da laushi, tsakiyarta da danshi, ba ta tsayuwa a hannu, sai an naɗe ta gida 4 ko a ci da wuƙa da cokali mai yatsu. Haka ake son ta. Wutar ta yi sauri ne har ruwan kwaɓin bai samu lokacin ƙonewa ba.

Roma ta fi sauƙin zagaye, don a can akwai piza mai tsawo da ake yankawa da almakashi a auna a sikeli, ka sayi daidai loma 3. Shikago ta Amurka kuma ita ce mai wahala. Pizarsu mai zurfi, wadda gidan Pizzeria Uno ya fito da ita a 1943, tana shan minti 30 zuwa 45 a wuta, yanka ɗaya kuma ya ishi mutum abincin rana. Jagoran da ya sa ta a zangon farko ya kashe sauran zagayen.

To, yanzu ga inda aikin yake, kuma a nan ake gane jagoran ƙwarai da mai cin kuɗin baƙi.

Yawan mutane lissafin faifai ne. Tun da babban faifai gida 8 ake yanka shi, ayari ya zama mutum 8 ko 16. Mutum 11 na nufin an sayi faifai 2, yanka 5 sun yi saura, sai masu kunya su ƙi, masu zari su ƙara, su kuma isa zango na gaba ciki a cike. In ayari ya wuce 16, na baya ba sa jin bayani, ba sa ganin bakin tanderu, kuma kafin yanka ya iso hannunsu ya huce. Zango 3 ya isa ga masu tafiya a ƙafa, 4 ga masu mota. Wanda ya yi maka tallan zango 6 ko 7, daga na biyar harshe ya riga ya gaji da gishiri da maiƙo, kome aka ba ka daɗinsa ɗaya. Tsakanin zango da zango a samu tafiyar minti 10 zuwa 15, a sha ruwa zalla. Lemon kwalba zaƙinsa yana rufe tsamin tumatir, ya cika ciki da iska.

A kowane zango abu ɗaya ake oda: tumatir, cuku, ganyen ɗoɗɗoya, man zaitun, wato wadda ake kira Margherita. Dalili a fili yake. Nama da yaji da albasa suna ɓoye aibin kwaɓi kamar yadda yaji mai yawa ke ɓoye naman da ya kwana. In zangon farko an ci mai kaza, na biyu mai kifi, to kaza da kifi aka kwatanta, ba masu gashi ba. Jeri kuma daga marar nauyi ake farawa a ƙare da mai nauyi.

Lokaci shi ne abin da ya fi ɓata zagaye. Piza mai sirara tana da kamar minti 5 na kyawunta. Bayan haka tururi ya jiƙa gindin, cukun ya daskare ya koma kamar roba. In an sa ta a kwali an rufe, abin ya fi sauri, shi ya sa ba a yin hukunci da wadda aka kawo gida a kan babur. Saboda haka jagora yana kiran mai gashi tun ana hanya, ya ce mun taso, amma ba a jefa ta wuta sai ayari ya tsaya a bakin tanderu. Akwai kuma kuskuren ɗaya gefen: wanda ya kai baki nan take, narkakken cuku ya manne masa a dasashi ya ƙona shi, sauran zangon duka ba zai ji ɗanɗanon kome ba. A jira minti 1 zuwa 2.

Ci ma da tsarinsa. A ɗaga yankan a leƙa gindinsa tukuna. In fari ne fat, daɓen tanderu bai yi zafi ba. In ya ƙone baƙi ƙirin alhali saman bai nuna ba, daɓen ya fi rufin zafi. In akwai ɗaci, fulawar da aka barbaɗa wajen buɗe kwaɓin ce ta yi yawa ta ƙone. Sannan a yago bakin, inda babu miya, a duba cikinsa: ramukan iska manya da ƙanana alamar kwaɓi ya kwanta yadda ya kamata, cunkus kamar tuwo alamar an yi gaggawa ko an murje iskar da muciya. Warin yis mai hawa hanci na nuna an zuba yis da yawa don ya tashi cikin awa 1. Tsami mai kaifi kuwa, kwaɓin ya wuce lokacinsa. Sai a dubi yankan ta gefe. In ka ga wani siririn layi mai danƙo, launin toka, tsakanin miya da burodi, wannan ɗanyen kwaɓi ne, kuma abu 3 ke kawo shi: miya ta yi yawa, ko an ɗauko curin daga firigo da sanyinsa, ko an shafa miya an bar faifan yana jira kafin a sa a wuta. Ruwa kwance a tsakiya kuma daga ɗanyen cukun mozzarella ne da ba a tsane ba. Wanda aka nuna wa waɗannan sau ɗaya, da yanka a hannunsa, ya riƙe su har abada, kuma wannan ne abin da ya biya.

Ga Alhazanmu da ɗalibanmu masu fita waje, akwai maganar da ba wasa a cikinta. Jan naman nan zagaye-zagaye da ake kira pepperoni akwai alade a cikinsa in ba an rubuta halal ba. Haka prosciutto da yawancin salami. A Napoli, soyayyar pizar da suke cusawa ciki sau da yawa da ƙararren kitsen alade ake haɗa ta, wasu kuma kan sa man alade a kwaɓi. A New York akwai miyar da ake dafawa da giyar vodka. Ko ka zaɓi Margherita, wuƙar da ta yanka faifan wani ita za ta yanka naka. A rubuta wa jagora tun ranar biyan kuɗi, a nemi faifai daban da wuƙa wankakkiya. A bakin tanderu, ayari na jira, ba lokacin tambaya ba ne. Jagoran da ya kasa gaya maka abin da ke cikin kwaɓin gidajen da yake kai mutane, bai san gidajen ba. Haka wanda ba ya shigar da ku wurin wuta, sai dai ya zaunar da ku a tebur yana ba da tarihi.

Yanzu mu dawo gida. Ina jin matasa na cewa a kwaikwayi abin a nan. Ina goyon baya, da sharaɗi ɗaya: zagaye ba ya tsayuwa sai da wuta mabambanta. Gidan piza 3 masu tanderun lantarki iri ɗaya, masu sayen cuku wurin dila ɗaya, babu abin kwatantawa a cikinsu. Abin da Maradi take da shi a yalwace shi ne kwaɓi da wuta iri-iri. Mai masa da tandarta, ƙullun da ya kwana ya yi tsami daidai. Gidan burodi mai tanderun icce. Mai gurasa, inda aka same ta, wadda ke manna kwaɓi a jikin tukunya mai zafi, dabarar da ta fi kusa da ta Napoli fiye da kowace na'ura. Sai gidan piza a ƙarshe. Tambayoyin ɗaya ne a kowane zango: awa nawa kwaɓin ya kwanta, me ke ba da wutar, minti nawa a ciki, yaya gindin ya fito. Baƙon da ya zo daga Yamai ko Katsina, ko ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da bai san gari ba, zai koma da ilimin da babu a faranti.

Sai dai yanayinmu yana da nasa hukunci. A watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, kwaɓin da littafi ya ce awa 8 yakan wuce gona da iri tun kafin rabin lokacin. Mai gashi ya kwaɓa da ruwan sanyi, ya rage yis, ya ajiye a wuri mafi sanyi na gidan. In an ɗauke wuta firigo ya tsaya, cukun mozzarella ne farkon lalacewa, don haka jagora ya tabbatar da safe kafin ya tara mutane. Kada kuma a ce za a maye gurbinsa da cukunmu na makiyaya: busasshe ne, ba ya narkewa, ba ya jan zare, iyaka a daka shi a barbaɗa bayan an fito da faifan daga wuta, kuma a haka yana da daɗi. Cukun da ake daskarar da shi da tumfafiya ma ba ya narkewa, soyuwa yake yi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu, ga sanyin tafiya, ga ɗanyen tumatir na fadama da na Jiratawa, ga albasar Galmi. A tashi bayan la'asar, a tsara zango na biyu kusa da masallaci saboda magariba, a gama kafin isha'i. Masu masa da yawa da safe suke aiki, gidajen burodi da asuba, don haka sai an yi yarjejeniya da su tun da wuri su kunna wuta da yamma, a kuma biya su ladan hakan. Zangon da ya yi nisa, misali daga Bagalam zuwa Ali Dan Sofo, a yi shi da adaidaita 2, kada a watsa mutum 8 a kan kabu-kabu 8 su iso ɗai-ɗai.

Lissafin kuɗi ma a yi shi a takarda. A ɗauka misali mutum 8 kowa ya ba da jika 5, an tara jika 40. Abinci ya ci 20, ruwa da abin hawa 8, jagora ya tsira da 12. In mutum 5 kaɗai suka zo, jika 25 ce a hannu, kuɗin faifai da na adaidaita kuwa ba su ragu ba, jagora ya cika daga aljihunsa. Saboda haka a karɓi rabin kuɗi tun kwana 2 kafin ranar, a rufe suna da zarar an kai 8. Kuma jagora ya biya kowane mai gashi cikakken farashi a gaban ayari, kada ya karɓi la'ada a bayan fage, domin ranar da gindin masar Hajiya ya ƙone, dole ya iya juya ta ya nuna wa mutane, ya kuma tambaye ta cikin ladabi ko iccen ne ya yi yawa a gefe ɗaya.