Ku canza sunan sau ɗari, jirgin dai guda ne

Wai yanzu laifina shi ne na rubuta "baƙin haure". Tun jiya nake shan wa'azi a kan abin da na faɗa game da kamen baƙi da ake yi a Amurka, wani bawan Allah har da biyo ni ta bayan fage da dogon saƙo, wai kalmar cin mutunci ce, in koma cewa "marasa takardu". Malam, na ji, Allah Ya saka da alheri. Amma duk cikinku babu wanda ya tambayi halin da waɗanda aka kama suke ciki. Kalmar ce ta dame ku. Ankwar da ke ƙafar mutum ba ta dame ku ba.

Wannan gardamar fa aro kuka yo daga Amurkawa, kuma ko a can ɗin ba ta tsinana wa kowa komai ba. A watan Afrilun 2013 kamfanin dillancin labarai na AP ya hana ma'aikatansa kiran mutum "haramtaccen baƙo". Aka yi ta tafi. A shekarar ce kuma gwamnatin Obama ta tasa ƙeyar mutum sama da 400,000, har masu kare haƙƙin baƙi suka laƙaba masa shugaban masu kora. A shekarar ce dai majalisar dattawa ta amince da ƙudurin da zai ba miliyoyi hanyar samun takarda, da ƙuri'a 68 da 32, majalisar wakilai ta ƙi ko da kaɗa ƙuri'a a kansa, ya mutu a nan. Wato an gyara kalma a jarida, an bar dokar yadda take.

Biden ya zo a 2021, a watan Afrilu aka umarci hukumar ICE mai kama baƙi da korarsu, da masu tsaron iyaka, su daina amfani da tsohuwar kalmar nan ta "alien" da Bature ke kiran har halittun sararin samaniya da ita, su riƙa cewa "wanda ba ɗan ƙasa ba". Masha Allah, an ci gaba! Wata biyar kacal bayan haka, a Del Rio da ke Texas, dubban 'yan Haiti suna jibge a ƙarƙashin gada, duniya ta ga hoton jami'i a kan doki ya damƙo rigar wani mutum da ke riƙe da ledar abinci. Daga nan aka yi ta loda su a jirage zuwa Haiti. Kun ga an kora su cikin ladabi ke nan, da suna mai daɗi a kan takardar korar.

Trump ya dawo a Janairun 2025, aka maido da tsohuwar kalmar. Magoya bayansa su ma suka yi ta murna kamar an ci yaƙi. Na san abin da za ku ce: ai ga shi nan, da aka dawo da mugun suna sai aka ga 'yan Indiya 104 an sauke su a birnin Amritsar na ƙasarsu daga jirgin soja hannu da ƙafa a ɗaure, aka kwashi 'yan Venezuela sama da 200 zuwa kurkukun El Salvador. Haba jama'a. Kalma ce ta sayi man jirgin? Umarnin shugaban ƙasa ne da kasafin kuɗi. Da bai canza ko wasali ɗaya ba, jirgin zai tashi.

Sai kuma masu jefo min "suna linzami". Na san karin maganar, ba yau na fara jin Hausa ba. Amma linzami ba ya tafiya shi kaɗai, sai da mahayi, kuma mahayin nan ita ce majalisar da rabonta da ba jama'a da yawa takarda tun 1986, zamanin Reagan, lokacin da kusan mutum miliyan 2.7 suka samu. Reagan fa, ba wani mai sanyin harshe ba.

Bari in ajiye zolaya. Na yarda kalmar tamu ba ta dace da kowa ba. 'Yan'uwanmu da yawa da ke can ba su haura katangar kowa ba. Da biza suka shiga, ta filin jirgi, aka buga musu hatimi, wa'adi ya ƙare suka zauna, kuma a dokar Amurka wannan ba ya cikin laifukan da ake ɗaure mutum a kansu. Suna biyan haraji ma, an ƙiyasta kusan dala biliyan 97 marasa takardu suka biya a 2022. Amma mutumin da mahaifiyarsa ta rasu a gida ya kasa zuwa jana'iza, don in ya fita ba zai iya komawa ba, ya yi zaman makoki ta waya, ku je ku tambaye shi wane suna ya fi so. Takarda zai ce muku. Gyaran kalma araha ne, ba ya buƙatar ƙuri'a ko sisin kwabo, shi ya sa 'yan siyasar ɓangarorin biyu suke ƙaunarsa, kowa ya shigo ofis ya goge na wancan ya rubuta nasa.

Kuma mu da muke ta wannan tsaftar baki, ina muka baro 1983? Gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, aka kori mutum wajen miliyan biyu, kusan rabinsu 'yan Ghana. Kafin nan a 1969 Firaminista Busia ya yi mana irinta a Ghana, mutanen zango da dama suka bar dukiyarsu suka taho. Har yau jakar nan mai ratsin ja da shuɗi Ghana Must Go muke ce mata, da ita ake kai yara makarantar kwana, da ita ake ɗaukar kuɗin siyasa, ban taɓa jin wani ya turo wa wani saƙo a kanta ba. Ita ma yanzu ta lalace wallahi, zif ɗin ba ya kai tafiya biyu, ga tsada.