Mai rawanin da ba wanda ya naɗa masa

Jama'a, akwai wani bawan Allah da ya ɗaura wa kansa rawanin masanin Percy Jackson, jerin littattafan nan na Turanci a kan yaron da ubansa Poseidon ne, allan teku a tatsuniyoyin Girkawa, ba wanda ya naɗa shi, kuma tun da ya ɗaura ba mu huta ba. Ba zan kama suna ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, shi ma idan ya karanta zai ji a jikinsa. Na daɗe ina haɗiye maganar nan saboda ana ganin mutuncin juna, to amma abin ya kai inda shiru ya zama cutar da yaran da ke bin bayanmu.

Mutumin nan bai karanta littattafan ba. Da gangan na faɗa, kuma bakinsa ne ya ba da shi. Ya ce Percy saurayi ne ɗan shekara 16 a farkon labari. A The Lightning Thief, wanda ya fito a 2005, Percy yaro ne ɗan shekara 12. Kuma wannan ba ƙaramin kuskure ba ne da za a ce a yafe, domin a kan shekarun nan aka gina labarin gaba ɗaya: bokanya ta riga ta faɗa cewa ɗan ɗaya daga cikin manyan allolin nan uku, Zeus da Poseidon da Hades, zai kai shekara 16, ya yanke hukuncin da zai tsare Olympus, mazaunin allolin, ko ya rushe shi. Littattafai biyar, daga 2005 zuwa 2009, tafiya ce daga 12 zuwa 16, mai karatu yana girma tare da yaron yana fargabar ranar. Wanda ya fara da 16, ina ya kai fargabar?

Ya ce Percy da abokansa sun yi ta yawo a Amurka suna neman lu'ulu'u uku. A littafi ba wanda ya nemi lu'ulu'u, wata aljanar ruwa ce ta miƙa wa Percy su a gaɓar Santa Monica. Ya ce Hades, allan duniyar matattu, shi ne mugun labarin. A littafi shi ma Hades, kamar Zeus, sata aka yi masa, kwalkwalinsa aka ɗauke, kuma da aka mayar masa ya cika alkawari ya sako mahaifiyar Percy. Wanda ke kitsa komai daga ƙarƙashin rami Kronos ne, uban su Zeus, wanda aka yi wasa da hankalinsa kuma Ares ne, allan yaƙi, shi ne ma ya ba Percy jakar da makamin aradun Zeus da aka sace ke ɓoye a ciki. Faɗan da yaron ya yi da Ares a bakin teku, wanda kowane makaranci ke tunawa, ko sau ɗaya mutumin namu bai taɓa ambata ba. Ba zai ambata ba, tunda babu shi a fim ɗin Chris Columbus na 2010, kuma daga can ya kwaso duk iliminsa. Fim ɗin da marubucin da kansa, Rick Riordan, ya nesanta kansa da shi, har a 2018 ya fito da wasiƙun da ya rubuta wa masu shirya shi tun 2009 yana gargaɗinsu kada su ƙara wa yaran shekaru.

Da a nan ya tsaya da ban ce uffan ba. Rashin karatu ba zunubi ba ne, mutane da yawa ta fim suka shigo, daga baya suka nemi littafin. Abin da ya tunzura ni shi ne abin da ya yi wa wata ƙanwarmu 'yar sakandare. Yarinyar nan ta zauna ta yi sharhi da Hausa mai kyau a kan Sally Jackson, uwar da ta auri azzalumin miji ta jure zama da shi don kawai warinsa ya ɓoye ɗanta daga dodanni. Ta fahimci abin da manya da yawa suka tsallake. Shi kuma ya zo ya yi mata tatas a gaban mutane, wai littafin yara ne, wai ta je ta karanta Homer, tsohon mawaƙin Girkawa, kafin ta buɗe baki. Tun daga ranar ba ta sake rubutu ba. Wannan hakkin yana wuyan wani, kuma ya san kansa.

Eh, littafin yara ne, wa ya musa? Riordan tsohon malamin makaranta ne a Amurka, ya yi shekaru yana koyar da yara Turanci da tarihi. Ɗansa Haley yana fama da larurar hargitsewar haruffa a ido lokacin karatu, ga kuma wahalar tattara hankali wuri ɗaya. Yaron yana son tatsuniyoyin Girkawa, uban yana ba shi su da dare, da suka ƙare ya ce a ƙirƙiro masa sabo. Daga nan Percy ya fito, da irin larurorin Haley, sai dai a labarin an juya su: idonsa na ƙin Turanci ne don an halicci ƙwaƙwalwarsa da tsohon Girkanci, rashin natsuwarsa kuma ita ke tsare ransa a fagen fama. An rubuta shi da sauƙi ne domin yaron da aji ya fitar da rai da shi ya iya kai ƙarshen littafi. Wanda ya ɗauki wannan sauƙin ya mai da shi abin gori, bai san don wa aka yi rubutun ba.

Kuma sauƙin harshe ba ya nufin babu nauyi a ciki. A tambaye shi Luke Castellan, zai ce maci amana ne, shi ke nan. Mu kuwa mun san ɗaki na 11 a sansanin 'yan ruwa biyu, wato yaran da ɗaya daga cikin iyayensu daga allolin yake, ɗakin Hermes, mahaifin Luke, inda ake cusa duk yaron da ubansa ko uwarsa daga cikin allolin ba su ga damar cewa nawa ne ba. Yara na kwana a ƙasa, wasu shekara da shekaru suna jiran alamar da ba ta zuwa. Luke ne shugaban ɗakin, kullum da wannan yake kwana yake tashi. Mun san mahaifiyarsa May, wadda ta yi ƙoƙarin karɓar ruhin bokanya hankalinta ya gushe, ɗanta ya gudu daga gida yana ɗan shekara 9, ita kuma tana nan a Connecticut tana ta haɗa masa abinci tana jiran ya dawo. Hermes ya san makomar ɗansa, ya yi shiru. Luke ya yi ɓarna, ya jawo mutuwar yaran da suka yarda da shi, ba mai wanke shi. Amma kukansa gaskiya ne, kuma littafin bai ɓoye haka ba. Shi ya sa a The Last Olympian, littafi na biyar, Percy ya miƙa masa wuƙar abokiyarsa Annabeth, wuƙar da Luke ɗin ya ba ta tana 'yar shekara 7 da alkawarin zai zame mata dangi, Luke ya kashe kansa da ita don ya karya Kronos da ke cikin jikinsa. Shi ya sa kuma da aka yi wa Percy tayin rayuwa marar mutuwa ya ƙi, ya ce alloli su rantse da kogin Styx za su amsa 'ya'yansu kafin su wuce shekara 13. Jarumin ya ci yaƙi, sannan ya ɗauki buƙatar abokin gabarsa ya ɗora a gaban masu mulki. Duk wanda ya taɓa ganin yaron da ubansa ke raye amma yake rayuwar maraya, ya san wannan labarin ba na wasa ba ne. A nan zuciyar littattafan take, kuma mai rawani bai taɓa leƙa wurin ba.

Sai maganar Annabeth, inda ya fi ɗaga murya. Da Disney+ suka zaɓi Leah Sava Jeffries a 2022 ta fito a matsayinta a shirinsu, yarinya baƙar fata 'yar shekara 12, wasu suka yi mata ca har sai da Riordan ya fito ya ce shi ya zaɓe ta bayan doguwar tantancewa, ya kuma kira abin da ake yi mata da sunansa, wariyar launin fata. Mutumin namu, baƙi kamar ni, ya bi sahun masu jifa, wai shi mai kishin littafi ne, littafi ya ce gashinta ruwan zinare. To Alexandra Daddario ta fim ɗin 2010 da yake yabo, gashinta ruwan ƙasa ne. Walker Scobell da ya fito a Percy a shirin Disney+, gashinsa ba baƙi ba ne kamar yadda littafi ya siffanta. Waɗannan biyun ba su dame shi ba, sai fatar yarinya guda. Ni abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin na ga ƙannenmu mata yadda fuskarsu ta haskaka da suka ga mai kama da su a matsayin 'yar Athena, mai kaifin basirar da ake bin shawararta.

Kada wani ya ce ina hana suka. Mu da muka karanta mun fi kowa suka, sai dai tamu tana da tushe. The Blood of Olympus na 2014, ƙarshen jerin da ya biyo bayan na farko, ya ba mu haushi: an yi littattafai biyar ana tsoratar da mu da Gaea, allahiyar ƙasa, da ta farka aka gama da ita a 'yan shafuka, kuma ko babi ɗaya ba a ba Percy ko Annabeth su yi magana da bakinsu ba. Shirin Disney+ da ya fara a Disamba 2023, zangon farko mai kashi 8, yana da nasa aibin. Yaran sun cika sanin tarko kafin su faɗa. Sun gane Medusa, dodanniyar da kallonta ke mai da mutum dutse, tun daga ƙofa, sun san sirrin gidan cacar Lotus kafin su shiga, sai tsoron da ke cikin littafi ya tsiyaye. Amma a Medusa ɗin nan shirin ya gyara wani abu. Littafin 2005 ya shigo da ita a lulluɓe, Percy yana zaton 'yar Gabas ta Tsakiya ce, ya kuma wuce da sauri a kan abin da ya shiga tsakaninta da Poseidon. Shirin ya ba ta baki ta faɗi zaluncin da aka yi mata, kusa da ruwayar Ovid, mawaƙin Rum, wanda ya ce a ɗakin bautar Minerva, wato Athena a wurin Rumawa, aka keta mata haddi sannan aka hukunta ta ita. Hesiod, mawaƙin Girka, kuwa tun asali ya lissafa ta cikin Gorgon uku 'ya'yan Phorcys da Ceto. Girkawan da Rumawan kansu ba su haɗu a kan ruwaya ɗaya ba, balle wani ya zo yana cewa an ɓata "asalin" labari.

Wadda ta fi taɓa mu ita ce Samirah al-Abbas ta jerin Magnus Chase, shi ma na Riordan, 2015 zuwa 2017. Musulma ce mai hijabi, tana salla, tana azumin Ramadan a tsakiyar yaƙi, kuma ta tsaya a kan cewa su Odin, allolin tatsuniyoyin arewacin Turai, halittu ne masu ƙarfi kawai, Allah ɗaya ne. Wasu Musulmi sun ji daɗin ganinta. Wasu kuma sun soki yadda aka mai da hijabinta kayan sihiri na ɓuya, da yadda take cire shi a gaban abokan tafiyarta maza, da baikon da aka yi mata tun tana ƙarama. Wannan muhawara ce da ta dace da mu, mu ne ma ya kamata mu fi kowa zurfafa ta. Mai rawani ko sunan Samirah bai sani ba.

Shi dai idan an ƙure shi da hujja, nan take sai ya sauya riga ya koma wa'azi, wai masu karanta littafin suna koyon shirka. Jiya kai ne masanin da ke tura yara su karanta Homer, yau kai ne mai haramta allolin da ke cikin Homer ɗin? Mun tashi da Gizo da Ƙoƙi da dodanni a bakin kakanninmu, ba wanda ya wayi gari yana bauta musu, kuma yaranmu sun san tatsuniya sun san aƙida. Uban da ya ce ɗansa ba zai karanta ba yana da iko, ina ma ba iyaye shawara su riƙa dubawa da kansu, musamman littattafan baya-bayan nan, domin akwai abubuwan da ba kowane gida zai amince da su ba. Amma a ɗauko addini a yi garkuwa da shi don kawai an kasa amsa tambaya a kan babi na 20, na faɗan Percy da Ares, wannan ba tsoron Allah ba ne, kuma muna gani.

Littafin farko babi 22 ne kacal, ana samunsa, ni ma zan iya ba da aro ta hannun wanda ya san mu duka. Ya karanta, ya dawo ya soki abin da ya gani da idonsa, wallahi zan saurara, inda ya fi ni gaskiya in bi shi. Kafin nan, akwai yarinyar da yake bin bashin ban haƙuri, kuma a gaban mutanen da ya kunyata ta ya kamata ya biya.