"Mama, wannan ma kada in faɗa wa Baba?"

'Yan'uwana cikin Almasihu, salama a gare ku. Tun jiya da yamma hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na ce bari in rubuta tun zuciyata ba ta samo mini hujja ba.

Jiya na dawo daga kasuwar Wadata tare da 'yata Alheri, shekararta takwas. Na sayo turmin anko na bikin wata 'yar'uwa ta Zumuntar Mata, jikka goma sha biyu, alhali a farkon wata ni da maigida mun yi magana cewa babu sauran anko sai mun gama biyan kuɗin makaranta. Da muka sauka daga taksi a bakin layinmu a Bukoki, na tsaya na saya mata ƙosai na dala ashirin. Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗago kai ta dube ni, ta ce, "Mama, wannan ma kada in faɗa wa Baba?"

Ban ma kai ga yi mata gargaɗi a kan turmin ba, ita ta riga ni. Ƙosan dala ashirin fa! A wurin yarinyar nan duk abin da ya fito daga hannun uwarta abin ɓoyewa ne. Wa ya koya mata? A makarantar Lahadi ba a koya mata haka ba. Ni ce, da bakina, yau kaɗan gobe kaɗan: kada ki ce mun biya ta gidan wance, kada ki ce na ba kawunki kuɗi, in ya tambaya ki ce ba ki sani ba.

Da dare muna kwance a tsakar gida saboda zafi, kowa ya yi barci, ni kuwa Rifkatu matar Ishaku, ta cikin Littafi Mai Tsarki, ita ce ta tsaya mini a rai.

Mu mata muna son labarin Rifkatu, amma rabinsa na farko kaɗai muke so. Budurwa a bakin rijiya, ta shayar da baƙo, ta shayar da raƙumansa goma. Aure ne da aka yi da addu'a tun daga tushe. Littafin Farawa sura 24 ta rufe da cewa Ishaku ya ƙaunace ta, har ya sami ta'aziyya bayan rasuwar mahaifiyarsa. Yana da shekara 40 ya aure ta, sai da ya kai 60 ta haihu. Shekara 20 babu ɗa, bai kawo mata kishiya ba, Allah ya roƙa dominta. Wace ce a cikinmu ba za ta so miji irin wannan ba?

To ku buɗe sura 27 ku ga gidan nan bayan an tsufa. Ishaku ido ya dushe, ya kira babban ɗansa Isuwa shi kaɗai zai sa masa albarka, bai ce wa matarsa uffan ba. Ita kuma tana laɓe tana saurare. Ba ta shiga ta ce, "Maigida, tsaya mu yi magana, tun yaran nan suna ciki Ubangiji ya faɗa mini babban zai bauta wa ƙaramin." Tana da wannan magana a hannu, daga bakin Allah ta same ta, amma sai ta ja ƙaramin, wato Yakubu, gefe. 'Yan awaki biyu, tufafin Isuwa, fata a hannu da wuya. Da yaron ya ji tsoro, ta ce la'anar ta komo kanta. Uwa ce da kanta ta shirya ɗanta ta tura shi ya yi wa ubansa makaho ƙarya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙarshen surar. Asiri ya tonu, Isuwa yana neman kashe ƙanensa, sai ga Rifkatu ta zo wurin mijinta. Ka ce yanzu kam za ta faɗi gaskiya. Ina! Sai ta ce ta gaji da rayuwa saboda matan Hittiyawa, kada Yakubu ya auro irinsu. Ba ƙarya ta yi ba, matan Isuwa sun ba su baƙin ciki su biyun. Amma ba shi ne ainihin abin da ke cikinta ba. Na san wannan dabara, 'yan'uwa, na sha yin ta: ki ɗauko ƙaramar gaskiya ki rufe babbar da ita. Ta ce wa Yakubu ya je wurin ɗan'uwanta Laban na 'yan kwanaki. Shekara 20 ya yi a can. Littafi bai sake nuna mana ita da ɗanta tare ba. Mutuwar Debora mai renonta ma an rubuta, tata ba a ba da labarinta ba, sai dai an ce an binne ta a kogon Makfela.

Kuma abin bai tsaya a kanta ba. Yakubun da ya ruɗi ubansa da fatar akuya, 'ya'yansa suka kawo masa rigar Yusufu jiƙe da jinin bunsuru. Matarsa Rahila, wadda ya yi wa bautar shekara 14, ta sace gumakan ubanta ta zauna a kansu, shi bai sani ba, har ya buɗe baki ya ce duk wanda aka same su a wurinsa ba zai rayu ba. A kan matar da ya fi ƙauna yake yanke hukunci bai sani ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da na tuna wannan na dubi Alheri tana barci a kan tabarma, hawaye suka zubo mini.

Yanzu ku maza, kada ku gyara zama kuna cewa yau an taɓo mata. Wa ya fara a gidan Ishaku? A Gerar, da tsoro ya kama shi, shi ne ya ce Rifkatu 'yar'uwarsa ce, kamar yadda ubansa Ibrahim ya yi wa Saratu har sau biyu. Shi ne kuma ya fifita Isuwa saboda naman farauta. Baba, shekara nawa kuna tare, matarka ba ta san albashinka ba? Kana aika kuɗi ƙauye a ɓoye, ka sayi fili ka sa sunan ƙanenka, wayarka da lambar sirri kamar asusun banki. Abokan fada da kuke shan shayi har tsakar dare sun san bashin da ake bin ka, wadda ke dafa maka tuwo ba ta sani ba. Mun ga gwauruwa a cikin ikilisiya, ana zaman makoki masu bashi suna sallama, ita ko labari ba ta da shi. Kana kuma aiken yaro, "Je ka ce wa uwarka," alhali tana nan a madafa, taku goma tsakaninku. Ɗanka ne ko manzonka?

Sannan ka tambayi kanka abin da ya sa take ɓoye maka. Wata ba mugunta ba ce, tsoro ne. Ranar da ta faɗa maka gaskiya ka yi mata tsawa a gaban yara, ka ƙi cin abincinta kwana uku. Ka koya mata cewa gaskiya tsada gare ta a gidanka. Wani kuma ba ya tsawa, amma ba ya ji. Elkana mutumin kirki ne, yana ƙaunar Hannatu, amma tana kuka don rashin haihuwa da gorin kishiyarta Feninna, shi abin da ya iya cewa, ashe bai fi mata 'ya'ya goma ba? Ya mai da ciwonta zancen kansa. Sai ta kwashi nauyinta ta kai Shilo, ta zuba a gaban Ubangiji. Madalla da ta san inda za ta kai, amma kai miji, ba ka so a ce kai ma ka ji?

Na san wata za ta ce mini, "Maman Alheri, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Gaskiya ne, akwai sirrin mutane da aka ba ki amana, wannan riƙe shi. Wata kuma za ta kawo Abigiyel, wadda ta ɗauki gurasa 200 da sauran kaya ta tari Dawuda ba ta shawarci mijinta Nabal ba. Ta yi haka don ran mutanen gidan ne, takobi na kan hanya. Kuma da gari ya waye, giya ta sake shi, ta faɗa masa duka. Ni turmin anko nake ɓoyewa, ran wa na ceta? Ke kuwa da ake duka in kin buɗe baki, ba da ke nake faɗa ba, 'yar'uwata. Kada ki zauna ke kaɗai da wannan, ki sami fasto da dattawan ikilisiya da danginki.

Kada kuma wani ya ce shi da matarsa bakinsu ɗaya, shi ke nan. Hananiya da Safiratu ma bakinsu ɗaya ne. Sun zauna sun shirya ƙaryar da za su faɗa a kan kuɗin gonar da suka sayar, wajen sa'a uku ne tsakanin mutuwarsa da tata. In abin da ya haɗa ku shi ne yadda za ku rufe mutane da Allah, ba wannan ne nama ɗaya da aka ɗaura muku a gaban bagade ba.

Yau da asuba, kafin ya fita aiki, na ɗauko turmin daga ƙasan akwati na ajiye a gabansa. Na ce, "Baban Alheri, na saɓa maganarmu, kuma ba yau na fara ba." Ya daɗe yana kallon atamfar. Bai yi faɗa ba, bai kuma yi murmushi ba. Ya ce, "Za mu yi magana in na dawo." Har ya kai ƙofa ya juyo ya ce, "Ni ma akwai abin da ban faɗa miki ba." Tun safe gabana ke faɗuwa, ban san me zan ji ba.

Alheri kuwa na zaunar da ita kafin ta tafi makaranta, na ce mata daga yau babu abin da za ta ɓoye wa babanta saboda ni, na kuma roƙe ta gafara. Ta yi shiru tana wasa da igiyar jakarta, sannan ta ce, "Har na kawu?" Na ce har na kawu.

Don Allah, ku cire yaran nan daga tsakaninku. Uwa, ki daina cewa kada a faɗa wa Baba. Uba, ka daina cewa kada uwarka ta ji. In akwai abin da ke ƙasan akwatinku, ku fito da shi yau, kada ku jira Lahadi, kada ku jira sai an tono. Ku cire yaran nan, ina roƙonku saboda sunan Yesu.

Ƙarfe shida yake dawowa. Ku sa mu a addu'a.