RNA daban, DNA daban

Ni dai kanun wani labarin kimiyya da na karanta ya cika zuzutawa. An ce an gano RNA ɗin mitokondiriya (injin da ke ba ƙwayar halitta ƙarfi) a cikin cibiyar ƙwayar maniyyin dabbobi masu shayarwa, wato ɗakin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin ƙwayar, shi ke nan har wani ɗan'uwa da ya yi tsokaci a kai ya yanke hukunci wai uba ma yana gadar wa ɗa mitokondiriya. Haba malam, tsaya tukuna. DNA shi ne asalin rubutun gado, RNA kuwa kwafin saƙonsa ne, ba shi ne DNA ɗin ba. Mitokondiriya tana da nata DNA mai ƙwayoyin gado 37 kacal a jikin mutum, kuma ta wajen uwa ake gadonsa. Mitokondiriyar maniyyi suna jibge ne tsakanin kai da wutsiya, bayan haɗuwa da ƙwai kuma a lalata su. Haka nake zana wa ɗalibaina a allo nan Tudun Wada duk shekara, suna ta dariyar wutsiyar. Abin da marubucin labarin ya tsallake shi ne, akwai gutsattsarin DNA ɗin mitokondiriya da suka daɗe da shigewa cikin cibiya. To wannan RNA daga mitokondiriyar ya tsallako, ko daga gutsattsarin nan aka kwafo shi? Ta yaya masu binciken suka bambance?