Ni da Haƙoran Kawu

Tsakanin teburina da nasa bai fi taku biyu ba. Ni ne mai lissafi a biro ɗinmu da ke nan Zinder, shi kuma takardun shiga da fita ne a hannunsa. Ajinsu ɗaya da wan mahaifiyata tun suna lakwal, saboda haka tun ranar da na kama aiki Kawu nake ce masa. Mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba. Ranar sunan 'yata, kafin a idar da sallar asuba ya riga ya iso Garin Malam da goronsa. Amma Allah ya yi wa Kawu haƙora, shi kuma bai taɓa barin su sun huta ba.

Ƙarfe tara yake buɗe kasuwa da ƙuli-ƙuli, irin mai taurin nan da sai an jiƙa ko an daka kafin mutum mai tsoron Allah ya kai shi baki. Kawu ba ya jiƙawa. Zai ɗora shi kan turamen haƙoransa na dama, ya lumshe ido ɗaya kamar mai auna bindiga, sai ka ji ƙwas! Daga nan ƙurus-ƙurus har sai ya ga bayan na dala ashirin. Masu tarihi sun ce Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa an ƙera igwa a nan Damagaram. Ni dai na ce da Kawu na duniya a zamanin, da maƙera sun huta. A ba shi ƙuli-ƙuli kawai, a ɗora shi kan ganuwa, mahara su ji daga nesa su juya.

Wajen sha ɗaya sai busasshiyar aya. In lokacin fara ne, soyayyiya da yaji, sai ya cire mata fiffike da ƙafafu a tsanake, ya jera su kan tsohuwar ambulan kamar mai ƙirga kayan gado, sannan ƙaras-ƙaras ta tashi. Duk wannan ina iya cije wa. Abin da ke kai ni bango shi ne rake. Da sanyi ya shigo, raken Matameye ya cika gari, Kawu zai shigo da sanda guda a hammata kamar mai tafiya kiwo. Ya ɓare da haƙori, ya gutsura, ya tauna, sai kuma tsotson nan, tsuuut, mai tsawo, wanda nake jin sa tun daga ƙeyata har tafin ƙafa. In ya tofar da tuƙar a kwali sai ya ce, "Alhamdulillahi," ni ma in ce Alhamdulillahi a zuci, ashe gaɓa ɗaya aka gama, saura tara.

Fanka ce garkuwata. Muddin tana juyawa da ƙararta, rabin abin ba ya iso ni. Ranar da kuran ya ɗauke kuwa, ɗakin ya yi tsit, sai ni da Kawu da haƙoransa. A irin wannan rana ce na tara lissafin man mota sau uku, kowane karo jimla daban, ƙarshe na ƙara sifiri ɗaya inda babu shi. Shef ya kira ni ya tambaya ko jirgin sama muka saya bai sani ba.

Za ka ce me ya hana in gaya masa? To gaya wa wa? Mutumin da ya san ni tun ina yawo ba wando? Ko kallon ido da ido ba na iya yi da shi, balle in ce, "Kawu, rufe bakinka in kana ci." Kafin la'asar maganar ta kai kunnen mahaifiyata, ni kuma in kwana ina ba da haƙuri.

Na fara da auduga. Na cusa a kunnuwa biyu, na ji duniya ta yi sanyi. Shef ya kira ni sau uku daga ƙofa ban ji ba, sai da Kawu ya zungure ni da gindin rake. Da ya ga audugar sai hankalinsa ya tashi. "Ɗana, ciwon kunne kake ba ka faɗa ba?" Ya jawo kujerarsa ya dawo daf da ni don kada in wahala wajen jin maganarsa. Kwana uku yana ci a gefen kafaɗata.

Sai dabara ta zo mini. Kawu Babarbare ne, direbanmu kuma Bafulatani, kuma kowa ya san tsakanin Barebari da Fulani babu maganar da ba ta faɗuwa, wasa ne tun na kakanni. Na ja direba gefe, na saya masa shayi da burodi, na roƙe shi ya faɗa wa Kawu gaskiya cikin raha. Washegari ya shigo yana taku kamar ɗan sarki.

"Kai bawana! Wannan injin niƙan da ka kafa a biro, ka biya masa haraji kuwa?"

Kawu ko ɗaga kai bai yi ba. "Ɗan Fulani, ku da fura da nono suka lalata wa haƙora, ina kuka san daɗin ƙuli? Zo ka gwada in ka isa."

Direba ya ce shi za a raina? Ya zauna, ya ɗauki guda, ƙwas! Tun daga ranar, duk safiyar da babu fita, tare suke yi. Kuɗin shayina ya saya mini inji na biyu.

Ban daddara ba. Na ce tunda ba za a hana shi ci ba, bari a canza masa abin ci. Ranar Alhamis, ranar da Kasuwar Dole ke cika, na hau kabu-kabu na sayo alkaki na jikka guda, mai laushi, ya sha zuma, irin wanda ko tsohuwa mai dasashi za ta ci ba a ji ba. Na ajiye masa a tebur da ladabi. Ya buɗe, ya daɗe yana kallo, har idonsa ya kawo ruwa. Ya sa mini albarka, ya sa wa mahaifiyata, ya sa wa kakana da ya rasu. Sannan ya ƙulle ledar tsaf ya tura cikin jaka.

"Wannan sai jikoki. Ni abu mai laushi ba ya zama mini a ciki."

Ya jawo goruba daga aljihu ya hau gwaguya. Da safe kuma ya kawo mini tukwici, rake sanda biyu, ya tsaya a kaina sai na sha a gabansa. Na sha. Ina tauna a hankali don kada a ji ni, ya ce ba haka ake yi ba, zaƙin ba ya fita sai an ja da ƙarfi. Ya karɓa ya nuna mini.

Daga nan na zuba wa sarautar Allah ido, na koma ƙirga watanni. Rajab ya wuce, Sha'aban ya wuce, aka ga wata. Ranar ɗaya ga azumi na riga kowa zuwa biro, na share teburina, na jera takardu, ina murmushi ni kaɗai. Kwana talatin ko ashirin da tara, ba ƙuli, ba fara, ba rake. Kawu ya shigo, muka gaisa, muka yi wa juna barka da shan ruwan da ba a kai ga sha ba. Ya zauna, ya buɗe jaka, ya zaro asuwaki mai kaurin babban yatsa, ya gyara zama ya fara tauna masa baki.

"Ɗana, sunna ce. Na taho maka da naka."